Musabaƙar Alƙur'ani a Zamanin Talabijin: Gasar Hadda Ce ko Gasar Murya?

Kusan kowace shekara, da zarar an rufe musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa an bayyana sakamako, sai surutu iri biyu ya tashi. Wasu su ce an yi son kai, domin yaron da muryarsa ta sa jama'a hawaye, wanda bidiyonsa ya zagaye wayoyi, bai ko shiga sahun ukun farko ba. Wasu kuma, galibi dattawa da malaman zaure, su ce abin ya fara ɗaukar kamannin gasar mawaƙa ta talabijin: ga dandamali, ga fitilu, ga kyamara, ga sabuwar mota an ajiye a bakin zauren taro. Ɓangarorin biyu ba su ga maciji da juna, amma da mudu ɗaya suke awo. Dukansu sun ɗauka cewa murya ce ake gasa a kanta. Na farko yana jin haushin ba a ba ta haƙƙinta ba, na biyu yana tsoron ta mamaye komai.

Tun da Sakkwato ce mahaifar wannan musabaƙa, kuma har gobe daga nan ake jan ragamarta, ya kamata mu Sakkwatawa mu fi kowa sanin abin da ake aunawa a cikinta, da inda ta rabu da gasar waƙa, da kuma inda tsoron dattawan yake da tushe.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Musabaƙa kalmar Larabci ce mai nufin rige-rige ko tsere, kuma a bakin Bahaushe ta keɓanta da gasar karatun Alƙur'ani. Hadda ita ce riƙe nassi da ka. Izu kashi ɗaya ne cikin 60 na Alƙur'ani, don haka mai izu 60 shi ne wanda ya haddace shi dukansa. Tajwidi shi ne ilimin fitar da kowane harafi daga mafitarsa da ba shi haƙƙinsa na ja da gunna da kauri da sirantaka. Riwaya ita ce hanyar karatun da aka karɓo daga wani limamin ƙira'a ta hannun almajirinsa: tsangayunmu sun gaji Warshu daga Nafi'u, makarantun Islamiyya kuma sun fi bin Hafsu daga Asimu.

Sai tangimi, wanda shi ne tushen yawancin ruɗanin. Tangimi shi ne ƙawata karatu da sauti, a ja aya a hankali, a hau a sauka, irin karatun da aka san Abdulbasiɗ Abdussamad na Masar da shi idan yana gaban taro. Masu wannan fanni kan yi amfani da maƙamat, wato hanyoyin sarrafa sauti da Larabawa suka sanya wa sunaye kamar Bayati da Hijazi da Nahawand da Saba. Waɗannan hanyoyi su ne kuma mawaƙan Larabawa ke bi, kuma daga nan gardama ta samo ƙafa.

Daga Sakkwato aka faro

An fara musabaƙar ta ƙasa a 1986 a Sakkwato, ƙarƙashin Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta jami'ar da a lokacin ake kira Jami'ar Sakkwato, kafin a sauya mata suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Cibiyar ce ke tsara dokoki da tattara alƙalai, jihohi kuma su riƙa karɓar baƙunci bi da bi. Kano ta karɓi karo na 35 a 2021, Bauchi na 36 a farkon 2022, Gusau na 37 a ƙarshen 2022, Damaturu na 38 a 2023, Birnin Kebbi na 39 a 2024, sannan Maiduguri ta karɓi na 40 a 2025. Ba ta tsaya a Arewa ba, domin an yi ta a Auchi da Legas.

Ɗan takara ba ya faɗowa zauren ƙasa daga sama. Daga ƙaramar hukumarsa yake farawa (a jihar Sakkwato akwai 23), ya haye matakin jiha, sannan ya wakilci jiharsa. Tsarin da aka daɗe ana bi yana da rukuni shida: izu 60 da tafsiri, izu 60 zalla, izu 40, izu 20, izu 10 da tangimi, sai izu 2, maza daban mata daban. A shekarun baya-bayan nan an shigar da ilimin ƙira'o'i a saman tsarin, domin rukunin farko na gasar duniya ta Makka yana neman hadda tare da ƙira'o'i bakwai. A lura da jerin rukunan shida da kyau: rukuni ɗaya tak ne aka ambaci tangimi da sunansa, kuma yana can ƙasa-ƙasa. Wanda ake naɗa wa rawani a matsayin gwarzon shekara, da wadda ake yafa wa alkyabba a matsayin gwarzuwa, daga rukunin sama suke fitowa.

Waɗanda suka yi zarra su ne ke wakiltar Nijeriya a waje: gasar Sarki Abdul'aziz da aka fara a Makka a 1979, gasar Dubai da aka kafa a 1997, da makamantansu. Marigayi Shaikh Ja'afar Mahmud Adam yana cikin waɗanda musabaƙa ta fito da su a ƙarshen shekarun 1980, kafin ya wuce Jami'ar Musulunci ta Madina. A 2024 Hajara Ibrahim Ɗan'azumi daga Gombe ta zo ta ɗaya a gasar mata ta duniya da aka yi a Jodan.

Abin da kunnen alƙali ke bi

Mai kallo a gida yana jin daɗin sauti ne. Alƙalin da ke zaune da alƙalami da takardar maki wani abu daban yake farauta.

Ɗan takara zai hau kujera, ya zaɓi lambar tambayoyinsa ba tare da sanin abin da ke ciki ba. A karanto masa farkon aya daga ko'ina, a ce ya ɗora. Ba a cika zaɓo wuri mai sauƙi ba; mutashabihai ake nema, wato ayoyin da suka yi kama da juna a surori daban-daban. Labarin Banu Isra'ila misali ne da kowane mahaddaci ya san zafinsa. Ya zo a Baƙara, ya sake zuwa a A'arafi. A ɗaya an fara da umarnin shiga ƙofa sannan kalmar da za su faɗa, a ɗayan an juya jerin. Kalmar da ta siffanta ɓuɓɓugowar ruwa daga dutse ma ba ɗaya ba ce a wuraren biyu. Idan harshe ya zame daga wannan sura ya faɗa waccan, sai ƙararrawa ta kaɗa. Zauren ya yi tsit, yaron ya koma baya kaɗan ya sake gwadawa. In ya gyara da kansa, abin da aka cire masa kaɗan ne. In ya kasa har sai da alƙali ya buɗa masa, hasarar ta fi girma. A gefe guda kuma wani alƙalin ba ruwansa da wannan, shi yana lissafin ja da aka rage, ko gunnar da aka haɗiye, ko wurin da aka tsaya aka yanke ma'ana, ko inda aka faro daga tsakiyar magana.

Kaso mafi tsoka na maki yana kan hadda, tajwidi na bi masa, daɗin murya kuma shi ne ƙarami. A saman jeri, inda kowa gwani ne, rabin maki kan raba na ɗaya da na huɗu. Shi ya sa mai muryar da ta girgiza zaure zai iya faɗuwa saboda ƙararrawa biyu da mai kallo bai ma kula da su ba, domin gajeren bidiyon da ya iso wayarsa an yanko shi ne daga inda karatun ya fi zaƙi. Wannan ba yana nufin alƙalai ba su kuskure ba, ko zargin son kai ƙarya ne koyaushe. Amma yawan kukan zalunci da ake ji daga nesa, rashin sanin ma'auni ne ke haifar da shi.

Yadda gasar waƙa ke fitar da gwaninta

Don a ga bambancin sosai, a dubi babbar gasar waƙa ta talabijin a duniya, wato Eurovision. Ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ce ta fara ta a 1956 a Lugano da ƙasashe 7. Kowace ƙasa tana aiko da sabuwar waƙa da ba ta wuce minti 3 ba, kuma ƙasar da ta ci ita ce bisa al'ada ke karɓar baƙuncin shekara mai zuwa. Daga Afirka, Maroko ce kaɗai ta taɓa shiga, sau ɗaya, a 1980. A daren ƙarshe makin kashi biyu ne: rabi daga kwamitocin ƙwararru na ƙasashe, rabi daga ƙuri'ar masu kallo ta waya da intanet.

Zagayen da aka yi a Basel ta ƙasar Suwizalan a watan Mayun 2025, da ƙasashe 37, ya nuna abin da wannan rabi na biyu ke iya yi. Ostiriya ce ta ci da maki 436. Isra'ila ta zo ta biyu da 357, alhali ƙwararru 60 kacal suka ba ta. Sauran 297 daga masu kallo suka fito, ana tsakiyar yaƙin Gaza. A lokacin ana iya jefa ƙuri'a har sau 20 ta kowace hanyar biyan kuɗi, kuma an gano cewa hukumar talla ta gwamnatin Isra'ila ta biya kuɗin tallace-tallacen neman ƙuri'a a intanet. Gidajen talabijin na wasu ƙasashe suka nemi a binciki ƙuri'un. Daga baya aka rage adadin zuwa 10, amma duk da haka ƙasashe 5, ciki har da Sifaniya da Ayalan da Holan, suka sanar da janyewa daga zagayen 2026 saboda an bar Isra'ila a ciki.

Mu ma a nan mun san irin wannan tsari. Project Fame, wadda aka yi daga 2008 zuwa 2016 da 'yan takara daga Nijeriya da Gana da Laberiya da Saliyo, da saƙon waya ake raba gardamarta. A irin wannan gasa farin jini shi ne jari, kuma ba laifi ba ne a wurinsu, domin waƙa don mai saurare aka yi ta. Musabaƙa kuwa tana da nassi tsayayye wanda ɗan takara bai isa ya ƙara masa wasali ɗaya ba. Ko mutum miliyan sun yi kabbara, ba za su mayar da kuskure daidai ba. Matuƙar ba a buɗe wa masu kallo ƙofar ƙuri'a ba, kamancen da ake gani bai wuce na fitila da kyamara ba.

Inda iyakar ta fara dushewa

Sai dai tsoron dattawan ba daga iska ya zo ba. Malesiya ta daɗe tana gasar tilawa ta duniya, tun 1961, ana nuna ta a talabijin, kuma a can sarrafa sauti yana da babban matsayi. A azumin 2017 gidan talabijin na gwamnatin Turkiyya, TRT, ya fara gasar kyautata karatun Alƙur'ani da tsari irin na shirye-shiryen zaƙulo masu basira, har shugaban hukumar addini ta ƙasar na lokacin, Mehmet Görmez, ya fito ya soki abin, yana mai nuna cewa Alƙur'ani ya fi ƙarfin a mayar da shi kayan gasar murya. A azumin 2022 kuma hukumar nishaɗi ta Saudiyya, ba ma'aikatar addini ba, ta kawo shirin Iɗrul Kalam, gasar karatu da kiran salla da aka gina a kan kyawun murya. Wani ɗan Maroko, Yunus Garbi, ya tashi da riyal miliyan 5. A kwatanta da riyal 500,000 da ake ba na ɗaya a babban rukunin gasar Makka, inda ake neman ƙira'o'i bakwai. Yaro mai wayo zai iya yin wannan lissafi da kansa ya gane inda kasuwa ta karkata.

Talabijin da wayar hannu suna da abin da suke so. Amsar tafsiri ba ta yawo a Facebook da TikTok. Jan numfashi mai tsawo shi ke yawo. Ba a canza dokar Sakkwato ba, amma kunnen jama'a yana canzawa, kuma malamin da ke horar da yara yana jin abin da jama'a ke yabawa.

Abin da malamai suka saɓa a kai

Kyautata murya da Alƙur'ani ba abin gardama ba ne. Hadisai sun kwaɗaitar da shi, kuma Annabi (SAW) ya yabi muryar Abu Musal Ash'ari. Gardamar tana kan karin sauti irin na mawaƙa. An ruwaito ƙin haka daga Imamu Malik da Imamu Ahmad, kuma Risalar Ibnu Abi Zaid, wadda babu zauren ilimi a Sakkwato da ba a karanta ta, ta hana karanta Alƙur'ani da karin da ake maimaitawa irin na waƙa. Malaman Shafi'iyya da wasunsu sun sassauta, da sharaɗin kada sauti ya ja harafi ya wuce iyakarsa ko ya haifar da wanda babu shi. Idan aka duba, tsarin makin musabaƙa wannan sharaɗin yake aiwatarwa: wanda ya karya tajwidi don sauti ya yi daɗi, makinsa ne ke zuba. Ke nan dattijon da ya tashi da Risala yana da hujja idan ya yamutsa fuska, alƙalin tangimi ma yana da tasa.

Batun kyauta ya fi sauƙi. Mafi yawan malaman wannan zamani sun halatta ta idan daga wani ɓangare na uku ta fito, kamar gwamnati ko mai hali, ba kuɗin da 'yan takara suka zuba wani ya kwashe ba. Abin da ya rage shi ne niyya, kuma hadisin makarancin da ya yi karatu don a ce masa makaranci sananne ne ga kowane ɗalibi. Wannan kuwa babu alƙalin da ke da ma'auninsa.

Akwai kuma masu ganin bai dace a ɗora muryar budurwa a lasifika da talabijin ba, musamman da tangimi. Masu amsa musu kan ce muryar mace a kan kanta ba al'aura ba ce, rangwaɗa ce aka hana, su kuma tuna cewa a garin Nana Asma'u ake magana, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi kakkausan suka ga masu barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Abin da ba a musu a kansa shi ne, rukunin mata ya cika makarantun hadda da 'yan mata fiye da yadda wa'azi kaɗai zai yi. Tambayar da ta rage ta yaɗawa ce: zauren mata da alƙalai abu ɗaya ne, bidiyon da kowa zai yanka ya liƙa inda ya ga dama wani abu ne daban, kuma a nan masu tsari suna da sauran aiki.

Tsangaya da abin da ba a aunawa

Akwai wani ƙorafi da ba a cika ɗaukowa a talabijin ba, alhali ya fi na murya nauyi. Kafin 1986 ƙasar Hausa da Barno ba su rasa hanyar tantance mahaddaci ba. Almajiri kan tashi daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi, ya yi ta tukuri har ya zama alaramma. Ba a kiransa gwani sai ya iya satu, wato rubuta Alƙur'ani da ka, ya kuma san harji, ya faɗa maka sau nawa kalma kaza ta zo da siga kaza da wuraren da ta zo. Musabaƙa ta zo da tajwidin littafi da rinjayen Hafsu, ta gyara furucin haruffan da harshen Bahaushe ke haɗewa, kuma wannan alheri ne da ba mai musunsa; duk wanda ya saurari limaman tarawihi na yau ya san an samu canji. Amma ba ta tambayar rubutu da ka, ba ta tambayar harji. Gwanin da zai iya rubuta izu 60 ba tare da duba ba yana iya rasa maki a kan gunna, ya koma gida yana ganin an raina abin da ya ƙare rayuwarsa a kai. Ware rukuni na Warshu da rubutun allo ba zai rage wa musabaƙa komai ba, kuma zai jawo mutanen da a yanzu suke kallonta daga bakin ƙofa.

Kuɗi, gwamnoni da abin da ka iya biyowa

Jihar da ta karɓi baƙunci ita ke ɗaukar nauyi, kuma kowane gwamna yana son a ce ya fi na bara. Daga nan motoci da kujerun Hajji da miliyoyin naira suka shigo. Karrama mahaddaci abu ne mai kyau, an kuma daɗe ana raina shi. Illar ita ce, idan nasara ta zama abin alfaharin gwamnati, sai a fara jin ƙorafin aro ɗan takara daga wata jiha, da matsa wa masu horarwa lamba, da zuba kuɗi a kan yara goma da za su hau dandamali alhali makarantun da suka fito ba su da tabarma. Bayan an kashe fitilu kuma, mota takan tsufa. Abin da ya mayar da irin su Shaikh Ja'afar malamai shi ne gurbin karatun da ya biyo bayan nasara.

Idan aka bar abubuwa suka bi son kyamara, abin da zai fara faruwa shi ne yara su karkata ga kwaikwayon sautin fitattun makaranta tun haddarsu ba ta zauna ba, daga nan a fara kiran a ba masu kallo dama su zaɓi nasu gwani, kamar yadda ake yi a gasar waƙa. Abin da ya faru a Basel ya isa ya nuna inda wannan hanya ke kaiwa: mai kuɗin talla da mai yawan magoya baya su ne za su riƙa yanke hukunci, kuma a ƙasa irin tamu, ƙuri'ar za ta bi layin jiha da ƙungiya da ɗariƙa.

Maganin yana hannun Cibiyar da ke Sakkwato da kwamitocin jihohi, kuma ba mai tsada ba ne. A riƙa bayyana rabon maki ga jama'a kafin a fara, a fitar da takardar makin kowane ɗan takara bayan an gama. Gidajen watsa labarai, tun daga Rima da NTA har tashoshin tauraron ɗan'adam, su ajiye malamin tajwidi kusa da mai gabatarwa, ya riƙa faɗa wa masu kallo dalilin kowace ƙararrawa. A mayar da wani kaso na kuɗin motoci zuwa guraben karatu. Ƙuri'ar masu kallo kuwa, ko da sunan ƙaramar kyauta ta gefe aka kawo ta, kada a karɓa.